Toshewar Jijiyoyin Zuciya ga Mai Ciwon Suga: Tambayoyin da Mutanen Bauchi Ke Yawan Yi

Tambayoyin da ke ƙasa na tattaro su ne daga bakin marasa lafiya da 'yan uwansu, na cikin garin Bauchi da masu zuwa daga Azare, Misau, Ningi, Dass da Alkaleri. Yawanci sai an dawo daga wurin likitan zuciya da takarda a hannu, an zauna a gida an rasa inda za a kama, sannan tambayoyin ke fitowa. Na bar wasu yadda aka yi su. Abin da zan faɗa bayani ne don ku shiga wurin likita da fahimta, amma hukuncin abin da za a yi wa mutum yana hannun likitan da ya ga hoton jijiyoyinsa da idonsa.

Mene ne toshewar jijiyar zuciya, kuma me ya haɗa ta da suga?

Zuciya tsoka ce, kuma ita ma jini take ci. Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a kanta suna shayar da ita: ɗaya ta gaba, ɗaya ta zagaya ta hagu, ɗaya ta dama. Biyun farko daga tushe ɗaya suke fitowa, wanda likitoci ke kira babbar jijiyar hagu. Kaurin kowacce bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar tsinken da ake zuƙar lemo da shi. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a cikin bangon jijiyar, yana yin tauri, hanyar jini tana ƙanƙancewa. Idan mutum yana zaune jinin da ke wucewa yana isa. Da ya hau tudu ko ya yi sauri zuwa masallaci, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ƙirji ya ɗaure. In kuwa wannan taron kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa ya rufe hanyar gaba ɗaya, shi ne bugun zuciya, kuma daga wannan lokacin naman zuciya yake fara mutuwa.

Suga mai yawa a jini yana cin bangon jijiya ta ciki, yana sa jini saurin daskarewa, kuma galibi yana tafe da abokansa: hawan jini, yawan kitse a jini, da raunin ƙoda. Shi ya sa haɗarin mai suga ya ninka na wanda ba shi da shi aƙalla sau biyu. Mata kan samu wata kariya daga ciwon zuciya kafin al'adarsu ta ɗauke, amma suga yana rage wannan kariyar ƙwarai, don haka iyayenmu mata suna cikin wannan magana dumu-dumu.

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin duk sauran bayanin a kansa ya tsaya. A jikin mai suga, toshewar ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba. Takan bazu a tsawon jijiyar, ta kama biyu ko duka ukun, jijiyoyin kuma su zama sirara masu tauri.

Babanmu bai taɓa kukan ciwon ƙirji ba. Ta yaya za a ce jijiyoyinsa sun toshe?

Suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Kun san yadda wasu masu suga ke taka ƙaya ba su ji ba sai sun ga jini a takalmi. Haka yake faruwa da zuciya. Sai ciwon ya zo da wata kama: haki bayan 'yar tafiyar da a da ba ta komai ba, kasala marar dalili, zufa mai sanyi, tashin zuciya, nauyi a kafaɗa ko muƙamuƙi ko hannun hagu, ko zafi a saman ciki.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. A wurinmu duk abin da ya yi zafi tsakanin ƙirji da cibiya sunansa olsa. Mutum zai yi wata uku yana shan maganin olsa daga kemis, ana hana shi yaji da tsami, alhali zuciyarsa ce ke neman agaji. Ga yadda za a bambance: idan zafin yana zuwa ne lokacin tafiya, ɗaukar kaya ko ɓacin rai, ya lafa idan an zauna, to a je a duba zuciya kafin a sake sayen wani maganin ciki.

Idan abin ya taso masa cikin dare, me za mu yi?

A zaunar da shi, a daina ba shi ruwan rubutu ko jiƙo ana jiran gari ya waye. Addu'a ana yin ta a cikin mota. Idan ba ya da matsala da asfirin, kuma ba ya zubar jini ta ciki, ya tauna miligiram 300, wato ƙananan nan na 75 guda huɗu. In likita ya taɓa ba shi ƙwayar ƙarƙashin harshe, ya sa ɗaya yana zaune. Idan akwai na'urar gwada suga a gida a gwada, domin faɗuwar suga ma tana kawo zufa da rawar jiki. Sannan a wuce babban asibiti kai tsaye, inda ake da na'urar ECG, mai zana yadda zuciya ke harbawa, da likita a bakin aiki. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru, a Azare akwai asibitin tarayya, na ɓangaren Gombe kuma suna da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kada ya tuƙa kansa. Da an isa a faɗa wa ma'aikata a fili: mai suga ne, muna zargin zuciya, a yi masa ECG.

Dalilin gaggawar shi ne, in hoton ya nuna jijiya ta rufe ruf, hanya mafi kyau ita ce a buɗe ta da sitent, wato ɗan bututun raga da ake sawa a cikin jijiyar, cikin kamar awa biyu. Inda hakan ba zai samu ba, akwai allurar narkar da gudan jini, wadda ake iya bayarwa cikin awa 12 da fara ciwon, amma amfaninta mafi girma yana cikin awa biyu zuwa uku na farko. Daga Bauchi zuwa Abuja ta Jos tafiyar fiye da kilomita 400 ce. Don haka ga mutanenmu, isa asibitin da ke kusa da wuri shi ne abin da ke ceton naman zuciya, tafiya kuma ta biyo baya idan jiki ya daidaita.

Wane gwaji ne ke tabbatar da toshewar?

Ana farawa da ECG, da gwajin jini na turofonin wanda ke nuna ko naman zuciya ya ji rauni, da hoton zuciya na eko wanda ke nuna ƙarfin bugawarta. ECG yana iya fitowa lafiya lau alhali akwai toshewa, musamman in an ɗauke shi mutum yana hutawa, shi ya sa wani lokaci ake sa mutum tafiya a kan na'ura ana ɗauka. Wanda ke nuna jijiyoyin kansu shi ne anjiyogiram: ana zira siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har bakin zuciya, a tura wani rini, a ɗauki hoto. Mutum yana farke ake yi, fatar wurin kawai ake kashewa.

An ce rinin yana taɓa ƙoda. Gaskiya ne?

Yana iya taɓawa, kuma masu suga da ƙodarsu ta riga ta yi rauni su suka fi shiga haɗarin. Shi ya sa ake gwada ƙoda kafin a yi, a ba da ruwa isasshe, a rage yawan rinin. Mai shan maganin suga na metfomin wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi akan ce ya dakata da shi awa 48 bayan aikin, sai an sake gwaji. A kuma nisanci magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin nan da ake ƙullowa a leda ba a san abin da ke ciki ba.

Dole ne sai an yi aiki? Magani kaɗai ba zai isa ba?

Sau da yawa yana isa, kuma wannan albishir ne da ba a cika yi wa mutane ba. A 2009 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna BARI 2D, wanda ya bi masu suga 2,368 da ke da toshewa amma ciwonsu a kwance yake, bai tayar musu ba. An raba su biyu: wasu aka buɗe musu jijiya nan take tare da magani, wasu aka fara da magani mai inganci kawai. Bayan shekara biyar, waɗanda ke raye a kowane ɓangare kusan 88 ne cikin 100. Wani binciken da ya fi shi girma, ISCHEMIA, na 2020, ya zo da sakamako mai kama da wannan. Sai dai a cikin BARI 2D ɗin, waɗanda toshewarsu ta yi yawa har aka ga sun cancanci tiyata, sun fi samun kariya daga bugun zuciya da aka yi musu tiyatar.

Ma'ana, idan ciwon a kwance yake, toshewar ba ta kama babbar jijiyar hagu ba, zuciya kuma tana bugawa da ƙarfinta, ba laifi ba ne a fara da magani a ga yadda jiki zai karɓa. Ana zuwa ga aiki ne idan bugun zuciya ya faru, ko ciwon ya ƙi lafawa duk da magani, ko toshewar ta kama wuri mai haɗari, ko ta kama jijiyoyi da yawa, ko zuciyar ta fara rauni.

Mene ne bambancin sitent da baifas?

Sitent ɗan bututu ne na raga, na ƙarfe, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ta hanyar da aka bi aka ɗauki anjiyogiram ake kai shi wurin da ya tsuke, a hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin, a bar ragar ta tokare bangon. Wani likita mai suna Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik a 1977, sitent ya biyo baya a 1986, na yanzu kuma an shafe su da maganin da ke hana nama sake tsirowa ya cike wurin. Ba a yanka ƙirji, kuma mutum kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu.

Baifas tiyata ce sosai. Ana sa mutum barci, a raba ƙashin ƙirji, a ɗauko lafiyayyar jijiya daga cikin ƙirjin, ko daga ƙafa ko hannu, a ɗinka ta gaba da inda toshewar take, jini ya samu sabuwar hanya. Aikin kan ɗauki awa uku zuwa shida, zaman asibiti kamar mako guda, ƙashin kuma yana buƙatar mako shida zuwa takwas ko fiye kafin ya haɗe. Likitan Ajantina René Favaloro ne ya kafa wannan hanya a Amurka a 1967. A Najeriya, tiyatar buɗe zuciya ta farko an yi ta ne a asibitin koyarwa na Inugu a 1974.

Likita ya ce wa yayana tiyata ta fi masa, alhali sitent ya fi sauƙi. Ba neman kuɗi ba ne kuwa?

Na fahimci inda wannan zargi yake fitowa, kuma ba wanda zai ji an ce za a buɗe ƙirjin ɗan uwansa bai razana ba. Amma idan yayanka mai suga ne kuma toshewar ta kama jijiya biyu ko uku, musamman har da ta gaba, to likitan ya faɗi abin da bincike ya tabbatar ne.

Ka ɗauki hanyar mota. Idan rami ɗaya ne a kanta, cike shi ya wadatar. Idan kuwa kwaltar ta farfashe tun daga farko har ƙarshe, ka cike nan gobe can ya ɓurme. Sitent yana gyara daidai inda aka sa shi ne kawai. Baifas kuwa yana tsallake dogon yanki na jijiyar, har da wuraren da yau ba su toshe ba amma suna kan hanyar toshewa, kuma mun riga mun ce jijiyar mai suga haka take, lalacewarta a bazu take. Bugu da ƙari, ko sitent na zamani ya fi saurin sake tsukewa a jikin mai suga fiye da na wanda ba shi da shi, balle mai allurar insulin.

Tun a 1996 binciken BARI na farko ya fara nuna haka, a zamanin balan-balan. Mutane suka ce ai yanzu an samu sitent mai magani, lissafin zai canza. Sai aka yi binciken FREEDOM, wanda aka fitar a 2012, da masu suga 1,900 da ke da toshewa a jijiyoyi da yawa, rabi aka sa musu sitent mai magani, rabi aka yi musu baifas. Bayan shekara biyar, cikin kowane 100 na masu sitent kusan 27 sun rasu ko sun samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A masu baifas, kusan 19 ne. Idan aka ware rasuwa kaɗai, 16 ne a ɓangaren sitent, 11 a ɓangaren baifas. Waɗanda aka sake yi wa aiki cikin shekarar farko kuwa, kusan 13 cikin 100 ne a masu sitent, 5 a masu baifas. Da aka ci gaba da bin wasunsu har kusan shekara takwas, tazarar rayuwa tana nan.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A wannan binciken, shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a masu tiyata: kusan 5 cikin 100, a kan 2 na masu sitent, yawancin tazarar kuma a watan farko bayan aikin ta faru. Wato tiyata tana tara wahalarta da haɗarinta a farko, amfaninta kuma sai an yi shekara biyu zuwa uku yake fitowa fili. Ga mutum ɗan shekara hamsin da biyar mai 'ya'ya a makaranta da sauran ƙarfi a jiki, a ganina wannan ciniki ne da ya cancanci a yi.

Sirrin baifas yana ga jijiyar nan ta cikin ƙirji da ake jonawa da jijiyar gaba. Kusan tara cikin goma suna nan a buɗe bayan shekara goma. Na ƙafa ba su kai ta ƙarko ba, kusan rabinsu kan samu matsala a wannan tsawon lokaci. Don haka ku tambayi likitan tiyatar kai tsaye ko zai yi amfani da jijiyar ƙirji.

Akwai kuma wani lissafi da ya shafe mu mu da ke nesa. Wanda aka sa wa sitent huɗu ko biyar ya dawo Ningi ko Misau, idan ɗaya ya sake toshewa, wata tafiyar ce da wani kuɗin, wataƙila cikin gaggawa. A sa wannan a ma'auni kafin a ce sitent ya fi araha.

To duk mai suga sai an buɗe masa ƙirji ke nan?

A'a. Idan jijiya ɗaya ce, ko toshewar gajera ce a wuri mai sauƙin kai wa, sitent ya dace sarai. A lokacin bugun zuciya ma sitent ake sawa, domin ba lokacin shirya tiyata. Haka tsoho mai rauni, ko mai ciwon huhu ko ƙoda mai tsanani, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, tiyata na iya fi masa haɗari. Wani lokaci kuma ƙarshen jijiyoyin sun sirance har babu inda za a ɗinka sabuwa.

Abin da ya dace shi ne likitan da ke sa sitent da likitan tiyata su kalli hoton tare. Idan ba gaggawa ba ce, kuna da haƙƙin cewa a tsaya a hoto tukuna, a ba ku faifan, ku ji ta bakin likita na biyu. Ku yi wannan maganar kafin a shiga da shi ɗakin hoton, domin mutumin da ke kwance da bututu a hannu ba ya cikin halin yanke shawara.

An ce ciwo ba ya warkewa a jikin mai suga. Yaya za a yi da yankan ƙirji?

Yana warkewa idan an riƙe sugan. Gaskiya ne haɗarin ruɓewar ɗinki ya fi yawa ga mai suga, musamman mai ƙiba ko mai shan taba. Shi ya sa ake duba gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, kafin a sa ranar aiki. Lokacin aikin da bayansa ana ba da insulin ta jijiya don a riƙe suga ƙasa da 180, ko 10 a ɗaya ma'aunin. Wannan insulin na ɗan lokaci ne ga mafi yawan mutane, kada a tsorata.

Bayan an dawo gida, a duba ɗinkin ƙirji da na ƙafa kullum. Ja, kumburi, ruwa, zazzaɓi, ko jin ƙashin yana motsi, a koma asibiti ranar. Kada a shafa man shanu, zuma ko wani gari. Wata biyu na farko ba jan ruwa a rijiya, ba daka, ba ɗaukar buhu ko jika, ba hawa acaɓa a hanya mai gargada. Salla a zaune a kujera ta fi a makonnin farko, domin dogara da hannu wajen tashi daga sujada yana ja wa ƙashin. Idan tari ya zo, a rungume filo a ƙirji.

An sa min sitent, na ji garau. Zan iya ajiye magungunan?

Don Allah kada ka ajiye. Sitent baƙon ƙarfe ne a cikin jijiya, kuma kafin nama ya lulluɓe shi jini yana son daskarewa a kansa. Abin da ke hana hakan shi ne magunguna biyu tare: asfirin da wanda aka rubuta wa clopidogrel ko ticagrelor a kwalinsa. Yawanci wata shida ne idan ciwon a kwance yake, wata 12 idan bayan bugun zuciya ne, daga nan a ci gaba da ɗaya har abada. Wanda ya yanke su a watannin farko, ko da na 'yan kwanaki ne, sitent ɗin na iya rufewa farat ɗaya, kuma irin wannan bugun yana kisa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci har sai an zaɓa, waɗannan biyun su ne na gaba, sannan a gaya wa likita halin da ake ciki don ya nemo masu rahusa. A sayi na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba.

Tunda suna tsinka jini, a sanar da duk wanda zai cire haƙori ko ya yi wani aiki. Ƙaho da tsaga a wurin wanzami a haƙura da su. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini alama ce ta zubar jini a ciki, a tafi asibiti.

Sauran magungunan ma kowanne da aikinsa. Sitatin, irin su atorvastatin da rosuvastatin, yana rage mugun kitse kuma yana hana taron kitsen fashewa, ana so ma'aunin LDL, wato mugun kitsen, ya sauka ƙasa da 55, ko 1.4 a ɗaya ma'aunin. Ana shan sa ko da gwaji ya nuna kitse ya daidaita, domin maganin ne ya daidaita shi. Hawan jini ana so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Wanda aka yi wa baifas shi ma duk wannan ya hau kansa.

Akwai maganin suga da ya fi dacewa da mai ciwon zuciya?

Akwai. A 2015 binciken EMPA-REG, mai mutum 7,020, ya nuna empagliflozin ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100 a masu suga da ke da ciwon jijiyoyi. Shi da ɗan uwansa dapagliflozin suna fitar da suga ta fitsari, suna kare ƙoda, suna rage kumburin raunin zuciya. Suna buƙatar shan ruwa da tsaftar gaba, kuma ana dakatar da su kwana uku kafin tiyata. Allurai irin su liraglutide da semaglutide su ma an tabbatar suna kare zuciya, sai dai tsada. Metfomin yana nan a matsayinsa.

Abin da za a kiyaye shi ne faɗuwar suga. Ga mafi yawan mutane HbA1c na kusan 7 ya yi. A 2008 an dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD domin waɗanda aka matsa wa sai sun sauka ƙasa da 6 sun fi mutuwa. Glibenclamide, wanda ya cika kemis-kemis ɗinmu saboda araha, yana yawan kayar da suga, musamman ga tsofaffi. Wasu magungunan zuciya kuma, irin su bisoprolol da atenolol, suna ɓoye bugun ƙirji da rawar jikin da ke gargaɗin suga ya faɗi, sai zufa kawai ta rage.

Zan iya yin azumi?

Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko aka yi masa aiki cikin 'yan watannin nan, ko ƙirjinsa ke ciwo yana zaune, shawarar likitoci ita ce ya sha, kuma addini ya ba marar lafiya wannan sauƙin. Wanda jikinsa ya daidaita ya ga likita tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan magani. Masu tsinka jini ba a tsallake su ko kwana ɗaya. Ticagrelor sau biyu ake sha, sahur da buɗa-baki. A riƙa gwada suga da rana, idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ƙirji ya ɗaure, a karya nan take. Idan azumi ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, ƙishirwa na sa jini kauri, sai a yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur.

Me zan ci, tunda komai an hana?

Ba komai aka hana ba. Wake, alala, ɗanwake, acca, tuwon dawa ko gero daidai cikin hannu, miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, kifi, kaza ba fata, gyaɗa kaɗan, duk naka ne. Waɗanda za a rage su ne man shanu, kitsen tsire da balangu, kayan ciki, soye-soye da man da aka maimaita, lemon kwalba, da shayi mai suga da madarar gwangwani. Masar Bauchi ba wanda zai raba mu da ita, amma shinkafa ce da suga da mai: biyu ko uku da miyar ganye mai yawa, ba kullum ba. Gishiri duka na yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya gishiri ne, a ƙara daddawa a rage shi. Taba kowace iri, har shisha, a bar ta gaba ɗaya. Tafiyar minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako, idan likita ya amince.

Ina jin nauyin tambaya, amma yaya batun iyali da maganin ƙarfin maza?

Gara da ka tambaya. Suga da toshewar jijiya suna rage ƙarfin namiji, kuma mutane da yawa suna neman magani a ɓoye. Wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba haki ba ciwon ƙirji, galibi zai iya kusantar iyalinsa. Haɗarin yana ga haɗa sildenafil ko tadalafil da magungunan ciwon ƙirji na naitiret, wato ƙwayar ƙarƙashin harshe da isosorbide. Haɗuwarsu tana faɗar da jini warwas har ta kai ga rasa rai. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha da sunan na gargajiya, da wasu shayi da zuma na ƙarin kuzari, ana samun irin wannan sinadari a cikinsu. Ka gaya wa likita a keɓe. Idan kuma ciwon ƙirji ya kama ka bayan ka sha, ka faɗa wa ma'aikatan asibiti kafin su sa maka komai a ƙarƙashin harshe.

Tafarnuwa, zogale, habbatus sauda, ba laifi a matsayin abinci. Ba su narkar da toshewar da ta riga ta yi tauri, kuma tafarnuwa da citta masu yawa suna ƙara tsinka jini a kan magungunan da kake sha.

Ina ake yin aikin, kuma me za mu shirya?

Yawancin cibiyoyin da ke sa sitent da yin baifas a ƙasar nan suna Legas da Abuja, wasu kuma kan tafi Indiya ko Masar. Kuɗin miliyoyin naira ne, kuma na sitent yana ƙaruwa da yawan da aka sa. A fara da likitan zuciya na nan gida, shi zai rubuta takardar turawa, kuma wurinsa za a dawo. Mai inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya je ofishinsu ya ji abin da suke ɗauka tun kafin tafiya. Ku nemi a rubuta muku kuɗin duka, har da ɗakin kulawa ta musamman, jini, da abin da zai biyo baya in an samu matsala. Ku tambayi cibiyar aiki nawa irin wannan suke yi a shekara, kuma wa za a kira idan an dawo gida wani abu ya taso.

A tafi da duk takardun ECG da eko, sakamakon ƙoda da HbA1c, da kwalayen magungunan da ake sha su kansu. A tafi da mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai iya rubutu ya kuma yi tambaya. Idan baifas ne a shirya masu ba da jini da masaukin aƙalla mako biyu zuwa uku, domin ba a kama doguwar hanya washegarin sallama. Kafin a baro can, a karɓo faifan anjiyogiram, da rahoton aikin mai nuna sitent nawa aka sa da inda aka sa su, ko jijiya nawa aka jona, da takarda mai ɗauke da ranar da za a daina maganin tsinka jini na biyu. A yi wa takardun hoto a waya, a kai kwafi ga likitan Bauchi cikin mako biyu da dawowa.